Darasin Mako: Gida Mai Taya a Bakin Tafkin Tahoe

'Yan uwa ɗalibai, a ƙasar Amurka wasu iyalai kan ɗaura ɗan gida mai taya a bayan motarsu ranar Juma'a, su tafi bakin tafki hutun ƙarshen mako, sai Lahadi su koma. Tirela ce, amma a cikinta akwai gado da murhun gas da banɗaki.

Cikin wuraren da suke zuwa akwai tafkin Tahoe, a kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada. Zurfinsa ya kai mita 501, kuma ya yi suna saboda ruwansa garai-garai yake.

To, ina ƙazantar masu hutun take tafiya? Yawancin tirelolin tanki uku gare su: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bahaya. Doka ta hana tuttular da biyun ƙarshe a ƙasa ko a tafki. Dole a ja tirelar zuwa wurin da aka tanada, a juye su ta mesa.

Ga dalili. Ruwan dauɗa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, da sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda taki ne ga gansakuka. Idan gansakuka ta yi yawa ta ruɓe, iskar oksijin takan ragu a cikin ruwa, kifi ya mutu.

Tambayar mako: ruwan kwatar gidanku ina yake ƙarewa? Taku nawa ne tsakaninsa da rijiyarku? Ku auna, ku kawo mana amsa kafin Juma'a.