Taswirar gari daga sama

Yara, ku zuba kwanon ruwa bisa rairayi, ku zuba wani bisa daɓen siminti. Me kuka gani? Rairayi ya shanye ruwan, amma na bisa siminti ya gangara yana neman kwari. Haka ruwan sama yake yi cikin gari. Gona, fili da gindin itatuwa suna shan ruwa. Rufin kwano da kwalta ba su sha. In gari ya cika da gini, ruwan da ke gudu bisa hanya sai ya ƙaru.

Ta yaya za a san inda gini ya rufe ƙasa cikin babban gari kamar Yamai? Mutum ba zai iya bin kowane lungu da ƙafa ba. Shi ya sa ake aiki da tauraron ɗan Adam. An harba ɗaya mai suna Sentinel-2 a shekarar 2015. Yana kewaya duniya a nisan kusan kilomita 800, yana ɗaukar hoton ƙasa. Kowane ɗigo na hoton yana nuna wuri mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi.

Ruwa, ganye, rairayi da kwano ba su maido hasken rana iri ɗaya. Da wannan bambanci kwamfuta take raba su, a ba kowa launinsa bisa taswira. Daga nan masana su je su duba da idonsu, don rufin laka yana kama da fili. A Yamai, cibiyar Agrhymet, wadda aka kafa a 1974, tana aiki da hotunan taurari.

A watan Satumba na 2020, kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai. Ruwa ya shiga unguwanni kamar Lamorde da Karaje, gidaje da yawa suka rushe. In an gwada hoton rani da na lokacin ambaliya, ana ganin iyakar inda ruwa ya kai. Taswira ba ta tare ruwa, amma tana nuna inda za a gina magudana, da kwarin da bai kamata a gina gida ba.

Tambayoyi
1. Me ya sa ruwa yake gudu bisa kwalta?
2. Don me masana suke zuwa su duba da idonsu?

Aiki
Ku zana unguwarku. Ku sa ja a gidaje, tsanwa a itatuwa, shuɗi inda ruwa yake kwanciya da damina.