YADDA AKE ƘERA ƊAN MUTUM-MUTUMI MAI TAFIYA DA KANSA

Mutum-mutumi mai tafiya da kansa na'ura ce wadda take lura da abin da ke gabanta, ta yanke shawara, sa'an nan ta motsa, ba tare da wani ya juya ta ba. Wannan fasaha ta daɗe. Tun cikin 1948 da 1949 wani masani mai suna William Grey Walter ya ƙera waɗansu guda biyu masu siffar kunkuru a birnin Bristol na Ingila, suna bin haske, suna kauce wa abin da suka ci karo da shi. Yanzu kuwa kayan sun yi araha, har ɗalibin sakandare yana iya haɗa nasa a kan teburi.

KAYAN AIKI

1. Allon Arduino Uno, watau ƙwaƙwalwar na'urar. A garin Ivrea na Italiya aka fara Arduino cikin 2005, domin masu koyo.
2. Ma'aunin nisa HC-SR04, watau idonta.
3. Ƙananan injunan lantarki biyu, kowanne da tayarsa, da ƙaramar taya ta uku mai juyawa ko'ina.
4. Allon L298N, mai raba wa injunan wuta.
5. Batir biyu irin 18650, kowanne bolt 3.7, jimla 7.4, da makunni, da wayoyi.
6. Falanki marar nauyi, wanda za a ɗora kome a kansa.

YADDA TAKE GANI

Dabarar irin ta jemage ce. Ma'aunin yakan fitar da ƙara siririya mai kaɗawa sau 40,000 cikin daƙiƙa ɗaya, wadda kunnen mutum ba ya ji. Idan ƙarar ta bugi bango sai ta komo, ƙwaƙwalwa ta ƙidaya lokacin da ta ɗauka. Sauti yana cin wajen mita 343 a daƙiƙa, saboda haka idan aka raba lokacin da 58 sai a sami nisa a santimita. Ana ƙidayar ne da maikurosakan, watau kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Misali, idan amsa ta komo bayan maikurosakan 1,160, to abin yana nisan santimita 20. Ma'aunin yana aiki daga santimita 2 zuwa wajen 400. Amma a lura, labule da katifa sukan shanye ƙarar, bangon da aka fuskanta a karkace kuma yakan karkatar da ita wani gefe, na'ura ta zaci hanya a buɗe take.

YADDA TAKE JUYAWA

Ba ta da sitiyari. Idan tayoyin biyu suka yi gaba tare, sai ta miƙe. Idan ta hagu ta tsaya, ta dama ta ci gaba, sai ta karkata hagu. Idan ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya, sai ta juya nan inda take.

UMURNI

Ana rubuta umurni a kwamfuta da manhajar Arduino, wadda kyauta ce, sa'an nan a tura shi cikin allon ta wayar USB. Ga abin da za a ce mata: auna nisa, in ya wuce santimita 20, yi gaba, in bai kai ba, tsaya, ja baya kaɗan, juya dama, sa'an nan sake aunawa. Haka za ta yi ta maimaitawa har a kashe makunni.

GARGAƊI

Kada a kuskura a haɗa inji kai tsaye da allon Arduino. Kowace ƙafar allon an yi ta ne domin wutar da ba ta wuce miliamfiya 20 ba, inji kuwa yana jan ɗaruruwa. Wanda ya yi haka ya ƙone allonsa, kuɗinsa sun tafi a banza. Dalilin sayen L298N ke nan. Tilas ne kuma a haɗa wayar baƙi, watau mai alamar ɗebewa, ta batir da ta allunan biyu wuri guda, in ba haka ba umurni ba zai isa ga injuna daidai ba. Batir irin wannan yana iya kama wuta idan wayoyinsa biyu suka haɗu, ko aka huda shi, ko aka bar shi cikin rana. Yara su yi aikin a gaban malami.

Gwajin farko a yi shi an ɗaga tayoyi sama. A sa hannu gaban ma'aunin, a ga ko za su tsaya. Idan wata taya ta juya baya maimakon gaba, a musanya wayoyin injinta biyu. Sai an tabbatar da wannan za a sauke ta ƙasa.

Ɗalibin da ya gama wannan ya taɓa lissafi, da ilmin lantarki, da rubutun manhaja, duk a aiki ɗaya. Daga nan yana iya ƙara mata ma'aunin haske a ƙarƙashi, domin ta riƙa bin baƙin layi a kan farar takarda. Malamai su raba ɗalibai uku-uku ko huɗu-huɗu su yi karo-karo, kowa ya sa hannu.