Amsoshin Tambayoyinku: Babur Na Hannu

Wani mai sauraro daga Zariya ya ce ya sayi babur na hannu, jami'an duba ababen hawa sun hana shi takardar shaidar lafiyar abin hawa. Shin zai iya mayarwa?

To Malam, abin da suke dubawa sananne ne: birki, fitilu, sigina, oda, madubi da tayoyi. Galibi bakanike zai gyara maka su a wuni ɗaya. Mayarwa kuwa, idan wanda ya sayar maka da babur ɗin ya ɓoye maka aibin da ya sani, shari'ar Musulunci ta ba ka zaɓin karɓar kuɗinka. Amma fara gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke cikin takardu. In sun saɓa, kada ka hau shi. Nemo wanda ya sayar maka ku tafi ofishin 'yan sanda tare.