Yadda Ake Shirya wa Ɗan Kunkuru Mazauni a Cikin Ɗaki

Kiwon kunkuru a gida tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. Sai dai 'ya'yan kunkuru da yawa sukan mutu tun suna ƙanana, saboda an ajiye su a wurin da bai dace da halittarsu ba. Wannan darasi ya shafi kowa, amma ya fi shafar mazauna Jos da kewayenta.

Dalilin Shigar da Shi Ɗaki

Babban kunkurun Sahel dabbar ƙasar zafi ne, shi ne kuwa na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, sai abin da ya samu daga rana. A daji yakan haƙa rami mai zurfi ya shige, ya tsira daga sanyin dare da ƙunar rana.

Garin Jos kuwa yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. A watannin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15 na ma'aunin Santigirad. Ɗan kunkurun da bai wuce inci 2 ba, in ya kwana a tsakar gida cikin wannan hunturu, sai ya daina cin abinci, ciwon huhu ya kama shi. Ga kuma ɓeraye da karnuka da kwarkwasa, waɗanda ƙoƙon bayansa mai taushi ba zai tsare shi daga gare su ba.

Akwati da Shimfiɗarsa

1. A sa kafinta ya ƙera akwatin katako marar murfi, tsawonsa ƙafa 4, faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa ƙafa 1. Kada a yi da gilashi, domin kunkuru bai san gilashi ba, sai ya wuni yana tunkuɗarsa.

2. A zuba ƙasar lambu wadda taki ko maganin ƙwari bai taɓa ba, kaurin inci 4, don ya sami wurin tono. A guji yashi zalla da garin katako, gama in ya haɗiye su sukan toshe masa hanji.

3. A kife rabin tukunyar ƙasa a gefe guda ta zama maɓoya, a riƙa yayyafa ruwa a ƙarƙashinta. Ɗan kunkurun da ya tashi cikin bushewa, ƙoƙonsa yakan yi tudu-tudu maimakon ya yi sumul.

4. A ajiye ruwan sha a kasko marar zurfi, wanda zai iya shiga ya fita ba tare da ya kife ba.

Ɗumi da Hasken Rana

A rataye ƙwan lantarki mai ɗumi a gefe ɗaya, yadda ƙarƙashinsa zai kai digiri 32 zuwa 35, ɗaya gefen kuwa ya tsaya wajen 25. Ta haka dabbar za ta zaɓi inda ya fi mata. Da dare kada ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 21. In an ɗauke wuta, a naɗe kwalbar ruwan zafi da tsumma a ajiye kusa da maɓoyar. Kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki, gama iskarsa tana kashe mutum da dabba.

Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wadatarwa, domin gilashi yana tare sashen hasken da ke ƙarfafa ƙashi. Saboda haka a fito da shi hantsi na kimanin rabin sa'a kullum, da inuwa a kusa, da mutum yana dubansa.

Abinci da Tsabta

Ciyawa ita ce asalin abincinsa, musamman kiri-kiri. A haɗa da ganyen kabewa, a barbaɗa garin ɓawon dafaffen ƙwai sau biyu a mako. Kada a ba shi tuwo ko nama ko madara. Kowace safiya a tsoma shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai kai masa hanci ba, na minti 15.

Kashin kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi. Lalle a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada kuma a bar ƙananan yara su yi wasa da shi. In aka ga kumfa a hancinsa ko kumburi a idonsa, a gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi. Mutanen Filato suna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda aka kafa tun 1924.

Gargaɗi

Wannan kunkuru yana raguwa a daji ƙwarai. A shekarar 1985 Nijeriya ta kafa Doka mai lamba 11 don tsare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a shekarar 2000 kuma ƙasashen duniya suka hana fatauci zuwa ƙetare da wanda aka kamo daga daji. Kada kowa ya ɗauko shi daga daji. Mai sha'awar kiwonsa ya sani cewa akwatin nan na 'yan shekaru ne kawai: dabbar takan kai nauyin kilo 50, ta kuma rayu fiye da shekara 50. Wanda ba shi da fili da halin riƙe ta har ta girma, ya fi kyau ya haƙura tun farko.