Matakan Kulle Manhajar Banki da Zanen Yatsa da Lambar Sirri

Tun ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo bayan sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, wanda ya yi tsanani a farkon 2023, ciniki a Kaduna ya koma ta waya. Mai gwanjo a Kasuwar Barci, mai atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, maƙeri a Panteka, direba a tashar Kawo, kowa ka tambaya sai ya ce, "Yi min tiransifa." Wanda bai taɓa shiga banki ba ma yanzu yana da OPay ko PalmPay ko Moniepoint. Masu ƙwacen waya sun san haka. A da in an fizge maka waya, asararka kuɗin wayar ne. Yau jarinka ne ke tafiya, har da kuɗin adashin da aka ba ka ajiya.

Mutane da yawa suna ganin da zarar sun sa zanen yatsa a manhajar banki, shi ke nan, sun tsira. Ba haka ba ne. Zanen yatsa yana jingine ne da lambar sirrin da ke bayansa, manhajar banki kuma tana jingine da layin da ka yi rajista da shi. Wanda ya kulle manhaja ya bar layi a buɗe kamar wanda ya sa ƙofar ƙarfe ne a gidan da aka kewaye da zana. Don haka za mu fara daga inda aka fi sakaci.

Mataki na ɗaya: kulle layinka

Ɓarawon da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci wajen buɗe wayarka. Cire sim yake yi ya sa a wata ƙaramar waya. Daga nan duk saƙon da banki zai turo, har da lambar OTP ta tabbatar da tiransifa, hannunsa zai faɗa. Da layin kaɗai zai iya ganin lambarka ta BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Fabrairun 2014, ya lalubo bankinka, ya yi ƙoƙarin sayen kati daga asusunka ko cin bashi da sunanka. Zanen yatsan da ka sa a manhaja ba zai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Maganin yana cikin wayarka tun ranar da ka saye ta. Shiga saitin, ka rubuta SIM lock a wurin bincike. A yawancin Tecno da Infinix da itel da Samsung yana ƙarƙashin Security, a iPhone kuma yana sashen layin waya da sunan SIM PIN. In ka kunna, za a nemi lambar asali da sim ɗin ya zo da ita. A nan ake kuskure: kada ka yi ta cinka. In ka sa ba daidai ba sau 3, layin zai rufe sai da lambar PUK, mai lambobi 8, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. In aka kuskure PUK sau 10, sim ɗin ya mutu ke nan. Saboda haka ka nemo katin nan tukuna, ko ka kira kamfanin layinka, ko ka je ofishinsu da lambarka ta NIN su ba ka lambar asalin da PUK ɗin. Bayan ka kunna, canza lambar zuwa taka, daga lambobi 4 zuwa 8. Sai ka kashe wayar ka kunna don gwaji. In ta nemi lamba kafin sabis ya hau, aiki ya yi. Mai layi biyu ya yi wa kowanne. Mai ƙaramar waya mai madannai, wanda ke tiransifa da kod irin *737# ko *894#, shi ya fi kowa buƙatar wannan.

Mataki na biyu: lambar buɗe waya

Waya ba za ta karɓi zanen yatsanka ba sai ka fara sa lamba ko zane. Dalili kuwa, duk lokacin da yatsa ya ƙi, ko aka kashe wayar aka kunna, lambar ake komawa. Wanda ya san lambar nan zai iya shiga saitin ya ƙara nasa yatsan. Ka ga ashe ita ce uwar makullai.

Zaɓi lambobi 6, ba 4 ba. Lambobi 4 hanyoyi 10,000 ake iya jera su, 6 kuwa 1,000,000. Ka guji 123456, da shekarar haihuwa, da ƙarshen lambar wayarka, da lambar kekenka ko motarka. Zanen da ake ja da yatsa a fuskar waya ban ba da shawararsa ba: wanda ke zaune kusa da kai a keke daga Unguwar Rimi zuwa Kasuwa kallo ɗaya zai yi ya haddace, sawun maiƙon yatsa kuma yana zama a gilashi. Ka saita wayar ta kulle kanta bayan daƙiƙa 30. Sannan ka shiga sashen sanarwa ka hana saƙonni nuna abin da ke cikinsu in waya tana kulle, in ba haka ba ana iya karanta OTP ba tare da an buɗe ta ba.

Mataki na uku: ɗaukar zanen yatsa

Wanke hannu, ka tsane shi sarai, ka goge wurin dangwalawa. Shiga Security, ka zaɓi Fingerprint, ka riƙa ɗora yatsan kana ɗagawa, kana juya shi gefe da gefe yadda ka saba riƙe wayar. Ɗauki yatsu biyu, ɗaya a kowane hannu, saboda ranar da za ka yanke ko ka ƙone.

Akwai abubuwan da suka shafe mu a nan. Bayan alwala yatsa na jiƙe, na'urar takan ƙi shi, sai ka goge. Lokacin hunturu fata na bushewa ta tsage, zanen da ka ɗauka da damina ya ƙi shiga. Goge shi ka sake ɗauka. Magina da makanikai da masu walda, da mata masu yawan wanki, zanensu kan siɗe, sai su zaɓi yatsan da bai cika shan aiki ba. Kada wannan 'yar wahalar ta sa ka cire makullin gaba ɗaya.

Zanen yana zama ne a wani killataccen sashe na wayar, ba a tura shi banki. Manhaja tambayar wayar kawai take yi ko yatsan da aka ɗora yana cikin waɗanda aka yi wa rajista. Ma'anar wannan babba ce: duk wanda yatsansa ke cikin wayarka zai iya buɗe manhajar bankinka. In ka sa yatsan yaronka na shago don ya riƙa duba alat, ko na ɗanka don ya yi wasa, ka ba su asusunka. Duba jerin yatsun yanzu, ka goge duk wanda ba naka ba. Ka sake dubawa duk lokacin da ka karɓo wayar daga mai gyara ko mai caji, kuma ka cire sim kafin ka ba da gyara.

Mataki na huɗu: manhajar kanta

Daga Play Store ko App Store kaɗai za ka sauke ta, ba ta hanyar da aka turo maka a WhatsApp ba. Shiga saitin ɗinta ka kunna shiga da yatsa. Wasu manhajojin suna ba da zaɓi biyu: yatsa don shiga, da yatsa don tura kuɗi. Ra'ayina shi ne ka kunna na farko ka bar na biyu. Shiga da yatsa ya fi aminci a cikin jama'a, tunda ba abin da za a leƙa. Amma fitar da kuɗi ya tsaya a kan lambar da ke cikin kanka, domin ana iya ɗora yatsan mai barci a waya, ba a iya ciro lamba daga kansa. In za ka danna ta gaban mai POS, kare fuskar wayar da tafin hannunka, ba rashin yarda ba ne.

Lambar tura kuɗi ta bambanta da ta buɗe waya, ta bambanta da ta katin ATM. Kada ka ajiye ta cikin sunayen waya ko ka ɗauki hoton katinka. In kana tsoron mantuwa, rubuta a takarda ka kulle a gida.

Sai ƙayyade kuɗin da zai iya fita a rana. Rage shi zuwa daidai hidimarka. Ranar babban ciniki ka ɗaga, ka gama ka mayar. OPay tana da tsarin neman a nuna fuska kafin kuɗi mai yawa ya fita ko a yi tiransifa cikin dare, ka duba ko taka manhajar tana da irinsa. Ɗan kasuwa kuma ya raba asusu: na cefane da cinikin yau a wayar da yake yawo da ita, na jari a layin da ke zaune a gida.

Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka sai ka faɗi lambar da aka turo, ɗan damfara ne, ko da ya ambaci cikakken sunanka, ko da Hausarsa ta fi taka. Banki ba ya neman lambar sirri ko OTP ta waya. Kashe kiran.

Mataki na biyar: shirin ranar da ba a fata

Danna *#06# ka kwafi lambar IMEI mai lambobi 15 a takarda. Kunna tsarin nemo waya na Google ko na Apple. Wayoyin Android daga na 10 zuwa sama sun samu Theft Detection Lock a 2024, mai kulle waya in ya ji alamar an fizge ta an gudu, iPhone kuma ta samu Stolen Device Protection a Janairun shekarar. Kunna su. Ka kuma rubuta kod ɗin rufe asusu na bankinka, wanda ake iya dannawa daga wayar kowa: na Zenith *966*911#, na Access *901*911#. Sauran ka tambaya a reshe.

In abin ya faru, kada ka yi kokawa da mai wuƙa. An rasa rayuka a kan waya, kuma rai ba ya da madadi. Ari wayar wani nan take ka rufe asusu, sannan ka kira kamfanin layi su toshe sim. Bayan haka ka kulle ko ka goge wayar ta intanet, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI, ka je banki da katin shaida. In kuɗi ya fita, rubuta ƙorafi ka karɓi lambar shaidarsa. Idan banki bai warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa, reshensa na Kaduna kuma yana kan titin Yakubu Gowon.

In ka gama da taka wayar, ka zauna da Baba da Hajiya ka saita musu nasu, ka fara da sim. Idan aka zo wurin sa lamba, miƙa musu wayar ka kau da kai su danna da kansu.