Sauya Ma'ajiyar Bayanai: Kada Ka Zubar da Ruwan Randa Don Ganin Hadari

Ɗan'uwa ɗalibi, wataƙila kai ma saƙon nan ya shigo wayarka: wurin ajiyarka na Google ya kusa cika. Gigabait 15 suke ba kowa kyauta, kuma a ciki ake lissafa Gmail da Drive da hotuna. Daga 1 ga Yuni, 2021 sababbin hotunan Google Photos suka shiga lissafin, daga baya ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta bi sahu. Sai aboki ya ce maka, "Kai, kwashe kayanka ka koma wani wuri mana." Komawar ba laifi ba ce, amma a lokacin ƙaura aka fi yin asarar kaya. Idan furojet ɗinka na ND ko HND na cikin kayan, to ka bi a hankali.

Wannan ya faru da manya ma. A Maris 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015, kusan miliyan 50, sun salwanta wajen kwashe bayanai zuwa sababbin kwamfutocin ajiya. A Disamba 2021 kuma Jami'ar Kyoto da ke Japan ta rasa kimanin terabait 77 na fayilolin bincike, saboda kuskuren da aka yi wajen sabunta manhajar da ke kula da ajiyar. Abin da aka kafa don tsaron kaya shi ya cinye su.

Ga matakan da za su rage maka haɗari.

Na farko, ka san abin da ka mallaka. Kafin ka taɓa komai, rubuta sunan kowace folda, yawan fayilolin da ke ciki da nauyinsu. Bayan ƙaura sai ka gwada da abin da ya isa can. In ka tura fayil 412 ka tarar da 397, ka san akwai aiki a gaba.

Na biyu, ka yi kwafi, kada ka yanke. Wanda ya yanke ya liƙa, NEPA ta ɗauke wuta ko netiwok ya tsinke a tsakiya, yana iya wayar gari da rikici, wasu a nan, wasu a can, wasu sun lalace. Ka yi lissafin lokaci kuma: gigabait 10 a kan gudun megabit 1 a daƙiƙa zai ci sama da awa 22. Saboda haka tura folda ɗaya-ɗaya, ka fara da mafi muhimmanci.

Na uku, ka bambanta ajiya da daidaitawa. Manhajar da ke daidaita kwamfutarka da Drive ko OneDrive kamar madubi take: ka goge a nan, ta goge a can. Kwandon shara na Drive kwana 30 kawai yake riƙe abin da aka jefa. Shi ya sa masana ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. A wurin ɗalibi, wannan na nufin kwamfuta, filashi, sai intanet. Filashin da ke yawo shagunan buga takardu kuwa, ba shi ake ba amana ba, don can ake kwaso bairos.

Na huɗu, kuma shi ne zuciyar darasin, ka gwada dawo da kayan. A ƙarshen Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Suna da hanyoyin ajiya har 5, amma da aka neme su, ba wadda aka samu yadda ake zato. Wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin lamarin ne ya cece su. To kai ma ari wayar abokinka, shiga sabuwar ma'ajiyar, sauko da babi na uku na furojet ɗinka, ka buɗe. Jadawalin na nan? Hotunan sun fito? Sai ka gani da idonka za ka ce kana da ajiya. In ka gama, ka fita daga asusunka.

Na biyar, ka kula da makulli. Imel ɗin makaranta na makaranta ne, ana iya rufe shi bayan ka gama karatu. Lambar wayar da ake turo maka lambar sirri ta zama layin da kake amfani da shi kullum. Mahaɗar da ka tura wa malamin da ke duba aikinka ma ba za ta bi ka sabon gida ba, sai ka sake tura masa wata.

A ƙarshe, ka bar tsohuwar ma'ajiyar a raye, aƙalla har ka kare furojet ɗinka a gaban malamai, sakamako ya fito. A lokacin ne za ka iya sharewa hankali kwance. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.