Amsoshin Tambayoyinku: Ina malami zai samu horon koyar da ilimin Asiya?

Wani malamin sakandare daga Faskari ya aiko da tambaya, ya ce shi da abokan aikinsa na Ƙanƙara da Sabuwa suna son koya wa ɗalibai tarihi da al'adun Asiya, to ina za su samu horo?

To Malam, Allah ya ƙara basira. In harshen Sin kuke nema, akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Legas, akwai kuma a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. Da nisa kam. Kusa da gida, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana koyarwa daga nesa, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma. Dabarun koyarwa za ku samu a nan, sanin Asiya kuwa sai kun haɗa da karatun kanku.

Amma kada ku ce sai da takardar shaida za ku fara, ku soma da abubuwan Asiya da ke kewaye da ku. Darbejiyar da yara ke sha inuwarta a farfajiyar makaranta asalinta Indiya ne, haka mangwaro daga wannan yanki ya fito. Babur ɗin Boxer da ke kai buhun masara kasuwa ƙirar kamfanin Bajaj ne na Indiya. Indomie kuwa daga Indonesiya ta zo.

Wanda ya fi burge ni shi ne Imam Bukhari. Ɗalibai na jin sunansa kullum a Islamiyya, amma ku shimfiɗa taswira ku ce su nuna garin Bukhara. A Uzbekistan yake, can tsakiyar Asiya. Ku malaman kuma ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu a ƙarshen wata, kowa ya zo da darasi ɗaya, ku gyara wa juna.